Daga Barnawa Zuwa Jos: Labarin Gida da Shirin Ɗaukar Kaya

Kaduna gari ne da aka gina da kayan ƙaura. Idan ka zauna da dattawa a kowace unguwa, ka tambaye su inda aka binne cibiyarsu, wannan zai ce Zonkwa, wancan ya ce Katsina, wani Numan, wani Bida, wani kuma Inugu ko Ogbomosho. In ka ɗebe Gbagyi, waɗanda suke noma a bakin kogin nan tun ba a san za a yi birni ba, kusan kowane gida yana da labarin ranar da mota ko jirgin ƙasa ya sauke shi da akwati da tabarma. Gwamnati ma da ƙaura ta zo. A shekarar 1917 Turawa suka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru, suka lodo takardu da tebura da akawuna a jirgi, suka sauke su a nan. Har wata 'yar gadar ƙarfe da aka kafa a Zungeru a 1904, daga baya aka kwance ta, aka kawo ta Kaduna, aka sāke kafa ta a lambun Gamji. To, in gada ta yi ƙaura, balle gado da kujera.

Ga shi layi ya zo kanmu. An yi wa maigida canjin wurin aiki zuwa Jos, mun kuwa sa ranar tashi a makon farko na watan Janairu, in Ubangiji ya yarda. 'Yan'uwa da yawa sun aiko suna tambaya yaya Mama, yaya yara, yaya za mu yi da kayan gidan da aka yi fiye da shekara 40 ana tarawa. Mun ga ya kyautu mu amsa musu ta wannan shafi, gama mun sani akwai iyalai da yawa cikin masu karatu da irin wannan tafiya take jiransu.

Unguwar da Muke Bari

Wanda ya taso daga tsakiyar gari ya nufi kudu, zai wuce filin wasa na Ahmadu Bello, ya haye gadar Kogin Kaduna, ya iske shataletalen tashar jirgin ƙasa. In ya miƙe, hanyar Kachia ce, wadda za ta bi da shi ta Talabijin da Sabon Tasha. Kakuri da Makera suna ta hannun dama. Barnawa kuwa tana ta hagu, kwance tsakanin kogi da Narayi. Sunan kansa yana tuna wa mutum da baƙi, gama a bakin Bahaushe Barnawa mutanen Barno ke nan.

Unguwar kala-kala ce. Akwai tsohon gari, inda lunguna suke matsattsu, akuya tana ratsa tsakar gidan maƙwabci ba sallama. Akwai rukunin gidajen gwamnati masu sauƙin kuɗi, waɗanda aka gina iri ɗaya, amma yau kowa ya ƙara wa nasa ɗaki ko shago har ba ka gane asalin ginin. Akwai kuma ɓangaren manyan ma'aikata, mai faɗin hanya da dogayen itatuwa, inda ba ka ganin kowa sai maigadi. Babban titin unguwar shi ne na Aliyu Makama. A 'yan shekarun nan aka gina sabuwar gada wadda ta haɗa shi da Kabala Costain, sai ga Barnawa ta matso kusa da gari, kuɗin haya kuma ya tashi tare da ita.

A nan asibitin masu taɓin hankali na Gwamnatin Tarayya yake, shi ya sa in yaro ya cika shirme a Kaduna akan tsokane shi a ce za a kai shi Barnawa. Mu da muke zaune kusa mun daina wannan wasa. Mun ga iyaye mata da suka taso daga nesa da marasa lafiyarsu, suna kwana a baranda, Zumuntar Mata ta ekklesiyarmu takan kai musu abinci ran Asabar. A nan kuma akwai gidan horon yara masu laifi, da wani reshe na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna inda ake koyon zanen gini da safiyo.

Kogin shi ne ubangidan unguwar. Da rani yakan janye ya bar duwatsu a fili, masu wanki su shanya tufafi, 'yan lambu su shuka alayyafo da latas a gāɓa, masu ɗiban yashi su shiga da kwalekwale. Da damina kuwa ba ya jin roƙo. A shekarar 2003, da kuma 2012, ya cika ya batse ya shiga gidajen da ke bakinsa. Mun ga katifu a kan rufi, mun ga mutane suna tsamo kujeru daga laka. Tun daga lokacin Mama take cewa kayan ɗaki aro ne, mai shi yana iya aiko ruwa ya karɓa.

Aiki Ya Kawo, Aiki Ya Kwashe

Marigayi Baba ya zo Kaduna yana saurayi, da akwatin ƙarfe ɗaya, domin aikin masaƙa. Zamanin nan Kakuri tana cin kasuwarta. An buɗe masaƙa ta fari a 1957, wasu suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai kuma a 1980. In jiniyar canjin aiki ta yi kuka, sai ka ga kekuna sun cika hanya kamar fāra. Waɗannan ma'aikata su ne suka cika Barnawa da Narayi da Talabijin, su ne kuma suka gina majami'u da masallatan da muke gani yau, da kwabo-kwabonsu. Ekklesiyar HEKAN ma haka ta samu: masu bi ne daga Filato da Adamawa da Binuwai da Barno, waɗanda aiki ya tara a Kaduna, suka ce tun da bakinsu ɗaya a Hausa, bari sujadarsu ta zama ɗaya.

Amma hannun da ya kawo shi yake kwashewa. Da aka raba ƙasa jihohi 12 a 1967, Jihar Arewa ta kasu shida, ma'aikata suka ɗaure kaya zuwa Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Ilori. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, wasu maƙwabta suka tafi. Da gwamnati ta bar Ikko ta koma Abuja a watan Disamba na 1991, wasu kuma suka bi. Daga 2002 zuwa 2007 manyan masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya, dubban magidanta suka rasa aiki. Wasu suka koma ƙauye da iyalansu, wasu suka sayar da rediyo da keke da kujeru, guda-guda, don a ci tuwo. Wanda ya zauna a Barnawa shekara 40 ya ɗaga wa motocin kaya hannu har ya gaji.

Ƙaura Iri Biyu Ce

Akwai ƙaurar da ake shiryawa da takarda da fensir, akwai kuma wadda ake yi da takalmi a hannu. Mutanen Kaduna sun san duka biyu. A watan Fabrairu da watan Mayu na shekarar 2000, da kuma watan Nuwamba na 2002, gari ya kama wuta, rayuka da yawa suka salwanta. Bayan ƙura ta lafa sai aka shiga wata irin ƙaura mai ban tausayi. Masu bi da ke arewa da kogi suka riƙa dawowa kudu, Musulmin da ke kudu suka riƙa komawa arewa. Wasu suka yi musayar gida, wasu suka sayar da nasu a wulaƙance. A kan gada sai ka ga a-kori-kura biyu sun yi kiciɓis, kowace da gado da katifa da tukwane iri ɗaya, direbobin ba su kallon juna.

Barnawa tana cikin unguwannin da ba su rabu haka ba. Har yau ana jin kiran salla da ƙararrawar majami'a a layi ɗaya. Wannan ba a banza ya samu ba. A layinmu, dattawa ne suka tsaya a bakin hanya, Baba da Alhaji maƙwabcinmu suna cikinsu, suka ce baƙon da ya zo da fitina sai ya bi ta kansu. A gari kuma akwai irin su Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa, waɗanda dā abokan gāba ne, Faston ma ya rasa hannunsa a rikicin 1992, amma suka haɗa kai suna sulhunta mutane. Suna cikin waɗanda suka yi ɗawainiya har shugabannin addini 22 suka sa hannu a takardar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agusta na 2002.

Mun kawo wannan ne domin da labarin tashinmu ya bazu, Alhaji ya zo da kansa da daddare, ya gaishe da Mama, ya ce, “Mama, ko wani ya yi muku wani abu ne? In akwai, ku faɗa mini tun da wuri.” Mama ta ce, “Haba Alhaji, aiki ne ya kira ɗanka. Da tsoro ne, ai da tun tuni muka tafi.” Saboda haka muna so 'yan'uwa su sani, ba gudu muke yi ba. Za mu fita da rana tsaka, da sallama, maƙwabta suna taya mu lodi.

Labarin Gida

Mama tana nan da sauƙi, sai dai gwiwa da hawan jini. Mun je asibitin da take zuwa mun karɓi takardar da ta nuna magungunanta da awonta na baya, domin likitan Jos kada ya fara daga tushe. Babbar 'yarmu ba za ta bi mu ba, saura mata shekara ɗaya a makarantar koyon jinya, za ta zauna wurin gwaggonta a Narayi. 'Yan biyu sun karɓi takardar canjin makaranta da sakamakon zangon da ya wuce. Auta kuwa abu ɗaya ya dame shi, ko za a bar karensa ya hau mota. Ƙanen maigida, wanda yake aikin walda a Panteka, shi da amaryarsa za su zauna a gidan, don haka ba a sayar ba, ba a kuma ba da haya ba.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta Mama. Da fari ta ce ba inda za ta. A nan aka binne Baba, a nan ta haifi 'ya'yanta huɗu, mangwaron tsakar gida da hannunta ta dasa. Ba mu matsa mata ba, gama icen da ya tsufa ba a tumɓuke shi da gaggawa. Amma mun san ba za ta iya zama ba mai duba ta dare da rana, amarya kuwa sabuwa ce, ba a ɗora mata wannan kaya tun yanzu. Aka yi mako uku ana addu'a, ba a ta da zancen ba. Ran nan da safe ta kira maigida, ta ce, “Kai, zo nan. Na yi tunani. Ibrahim yana da shekara 75 ya bar Haran, ni kuwa ban fi shi da yawa ba. Zan bi ku. Amma gadona da turmina ƙafata ƙafarsu, kuma kowace shekara za ka kawo ni in ga kabarin ubanka.” Maigida ya durƙusa ya ce, “Mun ji, Mama. Yadda kuka ce haka za a yi.”

Abin Ɗauka da Abin Bari

Mutum ba ya sanin yawan abin da ya mallaka sai ran da zai ɗaga shi. Gidan da muka samu a Jos ɗaki uku ne da falo, bai kai namu faɗi ba. Sa'ad da muka je dubawa, mun tafi da igiyar awo, muka auna ƙofofi da ɗakuna, muka rubuta. Wannan ƙaramin aiki ya raba gardama da yawa, gama mun tarar babban kabad na falo ba zai shiga ƙofar can ba ko an karkata shi.

Muka ɗauki littafin rubutu na 'yan makaranta, muka raba shafi huɗu: abin da za a ɗauka, abin da za a bar wa masu zama a gidan, abin da za a bayar, da abin da za a sayar. Muka bi ɗaki-ɗaki. Dokar da muka sa wa kanmu ita ce, duk abin da aka yi damina biyu ba a taɓa shi ba, ba zai hau mota ba, sai in yana da dalili. Tsofaffin ƙarafa da matacciyar fanka da risho mai yoyo suka tafi wurin 'yan gwangwan. Tufafin da yara suka fi ƙarfinsu muka kai wa dattawan ekklesiya domin iyalan da rikici ya kora daga ƙauyukansu. Kujerun kushin guda biyu da tebur muka bar wa amarya.

Ɗakin Mama ne ya ci kwana uku. Akwai gadon ƙarfe mai rumfa wanda aka kawo ta da shi ranar aure. Akwai jeren kwanonin sha da tasoshi da fanteka waɗanda ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. Akwai dutsen niƙa da ta gāda wurin uwarta, da akwatin ƙarfen da Baba ya zo da shi Kaduna, da keken ɗinkin da ya ciyar da gidan nan shekarun da masaƙa ta rufe. Kowane ɗaya in an ɗaga sai ta ba da tarihinsa, yara suna zaune suna ji. Mun bar ta ta yi a hankali, gama abin da yaran suka ji a kwana ukun nan ba za su same shi a makaranta ba.

Kwanonin ta raba wa jikoki mata. Dutsen niƙa ta ce a bar shi gindin mangwaro, wai shi ma ɗan Barnawa ne. Keken ɗinki kuwa, mun ɗauka za ta ce a loda, sai ta aika a kira Hajiya, ta ce, “Hajiya, 'yarki da za ta yi aure bayan salla, ni na koya mata taka keken nan. Idona ya daina ganin kafar allura. Ki kai mata, kada ki ce mini komai.” Hajiya ta rufe fuska da mayafi, ta ce, “Mama, kun gama mana komai.” Kashegari ta aiko da bargo mai kauri, ta ce ta ji labarin sanyin Jos.

A Littafin Farawa sura 45, sa'ad da Fir'auna ya aika da kekunan shanu a ɗauko Yakubu da iyalinsa, ya gargaɗe su kada su damu da tarkacen da za su bari a baya. Mutane aka aika a ɗauko, kaya biye suke. Iyali da yawa sun ɓata da juna a kan kujera ɗaya ranar rabo. Ya fi kyau a rasa kujerar a tsira da zumuncin.

Mota da Lodi

Iyayenmu sukan ba da labarin zamanin da ma'aikaci yake kai kayansa tashar jirgi, a auna, a ba shi takarda, ya je ya tarye su a Kafanchan ko Jos. Yau sai mota. Mun je tashar Talabijin, ba mu yi ciniki da ɗan kamasho a bakin titi ba, muka shiga ofishin ƙungiyar direbobi, aka haɗa mu da mai babbar mota wanda aka san gidansa. Muka kawo shi ya ga kayan da idonsa kafin a yanke kuɗi, domin cinikin da aka yi a kan “'yan kaya kaɗan ne” yakan ƙare da rigima ranar lodi. Muka rubuta yarjejeniya a gaban shaidu biyu: kuɗin mota, wanda zai biya 'yan dako a nan da can, wanda zai ji da kuɗin hanya, da cewa ba za a ɗora kayan wani ko fasinja a kan namu ba. Rabi za a biya a Barnawa, rabi in an sauke a Jos. Mun rubuta lambar motar da lambar wayar direba, mun ba Alhaji da dattijon ekklesiya kowa kwafi.

Mun zaɓi Janairu domin dalili uku. Ruwa ya ɗauke, gama katifar da ta jiƙe a hanya ba ta komawa daidai. Yara suna hutu. Tsadar mota ta lokacin Kirsimati kuma ta fara sauka. Duk da haka mun ce a zo da tamfol, saboda ƙurar hunturu.

Ga yadda muka tsara lodin. Masu nauyi su ne za su fara shiga, su jingina da kan mota: firiji a tsaye, akwatuna, buhunan masara da wake. Gadaje za a kwance su, a zuba kusoshin kowane gado a leda, a ɗaure a jikin ƙafarsa. Madubi da gilashin tebur za su shiga tsakanin katifu biyu, a tsaye, ba a kwance ba. Tangaran a naɗe da tsofaffin jaridu da zannuwa, a cika kwali har ya daina ƙara in an girgiza. Littattafai a ƙananan kwalaye, gama babban kwalin littafi mai karya baya ne. Kowane kwali da lambarsa da sunan ɗakin da zai shiga, lambar kuma tana cikin littafinmu. Janareto za a tsiyaye masa mai sarai, tukunyar gas a rufe ta da kyau a tsayar da ita inda iska take. Firiji in ya isa, a bar shi ya huta wasu sa'o'i kafin a sa masa wuta. Rasit na talabijin da firiji da janareto suna hannun wanda zai bi motar, saboda masu tsaron hanya sukan tambaya. Abin da za a nema daren farko, wato tukunya, ashana, fitila, bargo, bokiti da tabarma, shi ne zai shiga daga ƙarshe don ya fara fita.

Akwai kuma abin da ba ya hawa motar kaya ko kaɗan: takardun gida da na makaranta, takardun haihuwa da na aure, maganin Mama, da tsohon Littafi Mai Tsarki na Baba, wanda ya rubuta ranar haihuwar kowane ɗa a bangonsa. Waɗannan suna jikinmu. A Littafin Ƙidaya sura 7, da aka kawo kekuna 6 da shanu 12 domin ɗaukar kayan alfarwa ta sujada, Musa ya ba 'ya'yan Gershon biyu, ya ba 'ya'yan Merari huɗu, amma bai ba 'ya'yan Kohat ko ɗaya ba, gama kayan da ke hannunsu a kafaɗa ake ɗauka. Kowane gida yana da irin waɗannan.

Hanyar da Za Mu Bi

Hanya biyu ce daga Kaduna zuwa Jos. Ɗaya ta bi ta Pambeguwa da Saminaka, ɗaya ta bi ta Kachia. Mu da muke kudu da kogi ta Kachia ta fi mana, ita muka bi sa'ad da muka je duba gida. Daga Sabon Tasha sai Mararrabar Rido, sai Kujama, sai Kasuwan Magani, garin da ya sha wuta a rikicin 2018, ga shi kasuwa ta sāke ci. Daga nan daji ne da duwatsu, da 'yan ƙauyuka irin su Kufana da Idon. Wannan yanki ya sha fama da masu satar mutane, saboda haka direba ya ce ba zai tashi da asuba ba, ba zai kuma yarda magariba ta same shi a hanya ba. Za a yi lodi da yamma, motar ta kwana a ƙofar gida, a tashi in rana ta fito sosai. Mu ma za mu bi bayanta a ƙaramar mota, ba za mu yi mata nisa ba.

Kachia ƙasar citta ce, tun daga bakin gari ƙanshinta yake taryen mutum. Manoman wurin sun yi babbar hasara a 2023, sa'ad da wata cuta ta ruɓar da cittar tun tana ƙasa. Daga Kachia sai Zonkwa, inda za mu tsaya Mama ta gaisa da danginta, ta miƙe ƙafa. Bayan Samarun Kataf, duwatsun Kagoro za su bayyana ta hannun dama, ƙasar da mishan ta kafa makarantar Littafi Mai Tsarki wadda ta yaye fastoci da masu bishara ba iyaka. Daga Manchok hanya takan fara hawa. A nan ne ake gane lodin da aka ɗaure da kyau, gama mota tana nishi, kaya suna neman zamewa baya. In an wuce Ganawuri sai iska ta canja, ka ga gonakin acca da dankalin Turawa, da shingen ƙyarana, da kududdufan da masu haƙar kuza suka bari. Sai Vom, mai tsohon asibitin mishan da cibiyar binciken cututtukan dabbobi, sai Bukuru, sai Jos. Garin yana bisa tudu mai tsayin wajen mita 1,200, kusan ninki biyu na Kaduna, shi ya sa sanyinsa na Disamba da Janairu ba wasa ba ne. Bargon Hajiya zai yi aiki tun daren farko.

Kafin a Rufe Ƙofa

Sauran shirin ba na igiya da kwali ba ne. Mun bi masu shago da mai nama da mai gyaran wuta mun biya kowa, mun share kuɗin lantarki da na ruwa, domin kada mai bi ya tafi a bar sunan Ubangiji a littafin bashi. Wanda muke bi, in mun ga ba shi da hali, mun yafe. Mun shiga gida-gida a layinmu muna sallama, muna neman gafara in akwai inda aka saɓa, su ma suna nema. Mun mai da tsani da gatari da aka ara tun bara. Uwargida ta miƙa littafin kuɗin Zumuntar Mata a gaban kwamiti, aka ƙirga, aka sa hannu.

Mun kuma karɓi takardar shaida daga wurin Fasto zuwa ga ekklesiyar da za mu shiga. Muna roƙon duk mai shirin ƙaura kada ya raina wannan 'yar takarda. Mun san iyalai da suka isa sabon gari suka ce bari su huta tukuna kafin su nemi majami'a, hutun ya zama shekaru, yara suka girma ba su san ƙofar sujada ba. Akila da Biriskilla sun tashi daga Roma zuwa Koranti, daga Koranti zuwa Afisa, amma duk inda suka sauke kayan sana'arsu, nan masu bi suke samun wurin taruwa. Ku kuma da kuke zaune a garuruwanku, in kun ga motar kaya ta tsaya a layinku, kada ku tsaya leƙe ta taga kuna ƙirga kujerun mutane. Ku fita da ruwan sha, ku kama ƙafar gado, ku nuna musu inda ake samun ruwa da inda kasuwa take, ko wane addini suke bi.

Muna roƙonku ku riƙa tunawa da mu cikin addu'a: domin hanya, domin direba da yaransa, domin lafiyar Mama cikin sanyi, domin 'yarmu da za ta zauna a baya, da sabon auren da zai riƙe gidan. Ku yi addu'a kuma domin Barnawa, Ubangiji ya kiyaye zaman da dattawa suka tsaya a bakin hanya dominsa, ya ba matasa zuciyar riƙe shi. In mun sauka lafiya za mu aiko da labari. Mama tana gaishe ku duka, ta ce wanda hanya ta biyo da shi Jos ya tsaya ya sha kunu, turmi yana nan tafe.